Bayan Hilux na zama ƙasa in na ɗaura tirela, kuma tirelar na kaɗa wutsiya, sifirin zan ƙara?

Manomin_Wudil:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar mota, dan Allah shawara nake nema wajen wanda ya san abin. Ina da Hilux Vigo ta 2012, mai ƙofa huɗu, injin fetur 2.7, giyar hannu. Sai kuma ƙaramar tirela da mai walda ya haɗa min, aksul ɗaya taya biyu, ita nake ja zuwa gonar kaji a hanyar Wudil, wani lokacin tankin ruwa ne a kanta mai cin lita 2,000, wani lokacin kuma a sauke tankin a loda masara ko dusa, in masara ce takan kai buhu 20.

To in masarar ce bayan motar zama yake sosai har gaba ya ɗaga, da dare fitilata sama take haskawa masu tahowa suna ta watso min tasu, sitiyari yayi sakayau a hannu, in na faɗa rami sai naji ƙum a ƙasa. In tanki ne kuma bayan bai cika zama ba, amma da na wuce 70 sai tirelar ta fara kaɗa wutsiya dama da hagu, balle in babbar mota ta wuce ni ko taya ɗaya ta ɗan sauka gefen kwalta, har motar kanta take fizga.

Bakanikena yace a ƙara falle biyu-biyu a sifirin ɗin baya a sa shoka masu ƙarfi shikenan an gama, wani kuma yace ai yanzu jakar iska ta roba ake sawa a baya. Wanne ya fi? Bana son in zuba kuɗi abin ya dawo min sabo. Nagode.

Oga_Sifirin:

Wa alaikumus salam Alhaji. Buhu 20 na masara ai tan 2 kenan banda ƙarfen tirelar, kuma mota ta 2012 in ba'a taɓa canza mata sifirin ba ai ya gaji. Kafin ayi maganar ƙari ka shiga ƙarƙashinta ba kaya ka duba da idonka, sifirin mai lafiya yana da ɗan lanƙwasa, in kaga ya miƙe sambal ko ma ya fara juyewa to ya mutu, ƙara masa falle ɓarnar kuɗi ce kawai. Ka duba ko akwai fallen da ya tsage kusa da kusar tsakiya, ka duba bushin na gaba da na baya, in robar ta cinye aksul ɗin kansa zai riƙa motsi gefe da gefe, wannan kaɗai ya isa yasa mota yawo a titi ko ba tirela. Sannan akwai robar nan dake tare aksul kar ya bugi shasi, in kaga inda take bugawa yayi sheƙi to nan ƙum ɗin yake fitowa.

In sifirin ɗin da sauransa, falle ɗaya dogo ya isa, bana goyon bayan biyu. Biyu zai sa ranar da ba kaya motar ta riƙa tsalle, bayan ya riƙa zamewa a burji ko in anyi ruwa, kuma iyali ma sai sun ƙi shiga. In da hali ka nemi saiti cikakke na Old Man Emu ko Ironman ko Dobinsons, su suna rubuta nauyin da aka yi kowane saiti dominsa, akwai na mai ɗaukar kaya jefi-jefi akwai na wanda kullum kilo 300 na kan motarsa, ka zaɓi daidai aikinka ba wanda ya fi tauri ba. Kuma duk wanda ya kwance maka sifirin ya sa sabbin kusoshin nan masu kama da U da suke riƙe shi da aksul, kar ya mayar da tsofaffin, bayan an ɗan yi tafiya a dawo a sake ɗaure su don suna sakin jiki.

Shoka kuma ka sani bata ɗaukar kaya, aikinta kashe rawar sifirin ne kawai, ko wacce iri ka sa bazata ɗaga maka baya ba. Amma in ta mutu tana ƙara wa wutsiyar nan ƙarfi, don haka in kaga mai a jikinta ka canza duka biyun. KYB ko Bilstein na asali, kayi hattara na jabu sun cika kasuwa kwalinsu ma yafi na gasken kyau.

Injiniyan_Gona:

Malam, abinda Oga ya faɗa kan duba sifirin daidai ne amma ni inaga ciwo biyu ne ka haɗa wuri ɗaya, kuma duka biyun a tirelar suke zaune ba a motar ba. Ka lura da bayaninka, ranar da baya ya zauna bata kaɗa wutsiya, ranar da take kaɗa wutsiya baya bai zauna ba. Ranar masara nauyin da wuyan tirela ke dannawa a kan ƙugiyar motar yayi yawa, ranar tanki kuma yayi kaɗan. Ko ɗan garuwa ya san wannan, in ya jera jarkoki a kura bai daidaita ba ko dai hannun ya danne shi ko kuran ya nemi ɗaga shi sama.

Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na duk nauyin tirela da kayanta ya sauka a kan ƙugiya. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, lita 2,000 tan 2 kenan, a ce ƙarfen tirela da tankin kilo 600, kaga kana jan kilo 2,600, ya kamata wajen kilo 260 ya zauna a wuyan. Masu waldarmu kuma sun fi son dasa aksul a tsakiyar bodi daidai saboda a iya tura tirelar da hannu, to in tankin ya zauna dab kan aksul ko ya ɗan zarce baya wuyan bashi da nauyi, nan ne wutsiya take samun hali, kuma kowace tirela tana da gudun da in an kai shi kaɗawar bata mutuwa da kanta sai dai ta ƙaru, taka ta nuna maka nata yana wajen 70. Gyaran bashi da tsada. In daga ƙugiya zuwa aksul mita 3 ne, tsakiyar nauyin ya kasance santimita 30 gaba da aksul ka samu kashi 10 ɗinka. Ko a matsar da tankin gaba ko a ja aksul ɗin baya.

Ranar masara kuma ga lissafin. Tsakanin tayar gaba da ta baya a Hilux mai ƙofa huɗu mita 3.085 ne, daga aksul na baya zuwa ƙugiya a ce mita 1.3, kai ka auna taka. In 'yan dako suka jibge buhunan a gaban tirela har kilo 400 ya sauka a ƙugiya, kusan kilo 170 zai tashi daga kan tayoyin gaba, aksul ɗin baya kuma kilo 570 zai ji ba 400 ba. Shi yasa sitiyari yayi sakayau, kuma tayoyin gaban nan su ne masu juya mota su ne masu yin mafi yawan birki. Yanzu ko falle goma ka ƙara, kilo 170 ɗin nan bazai dawo gaba ba, motar zata miƙe a ido ne kawai, aksul da taya da beyarin na baya suna nan suna ɗauke da abinda suke ɗauka. Sifirin mai tauri baya ƙara wa mota iyakar da kamfani ya rubuta mata. Kuma nauyin ƙugiya a cikin kayan da mota zata ɗauka yake shiga, Hilux duka-duka abinda take ɗauka kusan tan 1 ne ko ƙasa da haka har da mutanen ciki, to in akwai buhuna a bodin motar da ma'aikata huɗu a kujera sai ka haɗa.

Ka fara aunawa. Irin sikelin da ake auna buhu a Dawanau ya isa, ka loda tirelar yadda ka saba, ka sa gungumen itace a kan sikelin ya tokare wuyan daidai tsayin ƙugiyar motar, ka karanta. Duka nauyin kuma kamfanonin shinkafa suna da sikelin da mota ke hawa.

Sai tambayar da ta fi duk wannan, tirelar tana da birki? Don abinda Toyota ta rubuta wa Hilux a tirela marar birki kilo 750 ne kacal. Tan 3.5 ɗin da ake ta faɗa na sabuwa ce mai dizal 2.8 a wasu ƙasashe kuma da sharaɗin tirela mai birki, Vigo bata kai nan ba, ka duba littafin taka.

Manomin_Wudil:

Injiniya Allah ya saka da alheri. Birki kam babu, aksul ɗin bayan wata tsohuwar mota ce aka yanko, tayoyin ma na ƙaramar mota ne 195/65R15. Maganar wuya kuma gaskiyarka, in tanki ya cika yaro ɗaya yana ɗaga wuyan ya ɗora a ƙugiya ba wahala, in masara ce kuwa sai an sa jak. Wani abin kuma, kaɗawar ta fi tsanani in na sauke rabin ruwan a gona ɗaya zan wuce ta biyu, alhali a lokacin nauyin ya ragu, wannan ya ɗaure min kai.

TsohonDirebanTanka:

Ɗana wannan ba abin ɗaure kai bane, duk wanda ya ja tanka zai gaya maka rabin tanki ya fi cikakke haɗari. Cikakke ruwan bashi da wajen gudu. Rabi kuwa tan ɗaya ne sake a bayanka, ka taka birki ya rugo gaba ya tura ka, ka saki ya koma baya ya ɗage wuyan, ka sha kwana ya kwanta gefe ɗaya, kuma baya dawowa lokacin da kai ka dawo, sai ka miƙe sannan ya buge ka. Shi yasa manyan tankoki ake raba cikinsu gida-gida ana sa faranti masu huda a tsakani su karya ƙarfin ruwan. In tankinka na ƙarfe ne mai walda ya buɗe ya sa maka faranti biyu a tsaye, da ɗaya a tsawon tankin saboda na gefe. In na roba ne ba dama, to ka raba, tanki biyu na lita 1,000, ka juye ɗaya gaba ɗaya ka bar ɗaya cike, kuma na baya zaka fara juyewa ba na gaba ba. Ka ɗaure su da bel mai ƙarfi ba igiya ba.

Tayoyin nan naka su suka fi tayar min da hankali. Ka duba jikinsu bayan 195/65R15 zakaga lamba, yawanci 91, ma'anarta taya ɗaya kilo 615 zata ɗauka, biyu 1,230, kai kuma ka ɗora musu sama da tan 2. Allah ne kawai yake kiyayewa. Gefen tayar ƙaramar mota laushi gare shi, yana lanƙwashewa tirelar na lilo a kansa, ga zafi yana taruwa a ciki har ranar da zata fashe. Ko tayar bas 195R14C mai lamba 106 kilo 950 ce, bata kai ba. A aksul ɗaya sai irin 7.50R16 mai lamba 122, ita ce kilo 1,500, amma fa shi aksul ɗin ƙaramar motar da beyarin ɗinsa ba'a yi su don wannan ba. Ka duba shekarar taya ma, lamba huɗu ce a gefe, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara. Iska kuma da safe ake aunawa kafin taya tayi zafi, na motar ka bi takardar dake jikin ƙofar direba, akwai lambar da suka rubuta ta lokacin da aka yi lodi.

In ta fara kaɗawa kafin ka gyara, kar ka taka birki da ƙarfi, kar kuma ka biye mata da sitiyari kana neman gyara ta, hannunka bazai taɓa riskar ta ba sai dai ka ƙara mata. Riƙe sitiyari a miƙe, ɗage ƙafa daga totur a hankali ta rage da kanta. Masu cewa a ƙara wuta ta miƙe, gudun ne ya kawo ta tun farko. In kaga babbar mota zata wuce ka ka rage tun kafin ta iso don iskar gabanta tura tirelar take sannan ta zuƙo ta, haka ma iskar hunturu a fili. Gangara kuma da giyar da zaka hau da ita zaka sauka. Hanyarku ta Wudil shimfiɗe take, amma in wata rana aiki ya kai ka gangaren Hawan Kibo na hanyar Jos da tan biyu da rabi ba birki a bayanka, birkin Hilux zai yi zafi ya daina kamawa tun baka kai rabi ba. Ni dai da wannan tirelar a yadda take bazan wuce 50 ba.

Bakano_a_Amurka:

Salam. Nan jan tirela da a-kori-kura abu ne na kowa da kowa, masu gidan tafi-da-gidanka da masu dawaki da masu kwale-kwale, to bari in ƙara abinda ake yi anan. Abinda yake mayar da nauyi kan tayar gaba da gaske wata irin ƙugiya ce mai raba nauyi, tana da sanduna biyu na ƙarfen sifirin da suke fitowa daga kan ƙugiyar su kama wuyan tirela ta dama da hagu, in aka ɗaure su sai su ɗage mahaɗar, wani nauyin ya koma tayoyin gaba na mota wani ya koma tayoyin tirela. Yadda ake saita ta, ka auna tsayin bakin madigadi na gaba daga ƙasa kafin ka ɗaura tirela, ka ɗaura ka sake aunawa zakaga ya tashi, sai ka ɗaure sandunan har ya dawo kusa da inda yake. Wasu irin su Equal-i-zer suna haɗe da abin hana kaɗa wutsiya a jikinsu.

Jakar iska irin ta Firestone ko Air Lift tana da daɗi ta wajen cewa ranar lodi ka ƙara iska ranar da ba kaya ka rage, motar bata yin tauri kullum. Amma kamar yadda Injiniya ya faɗa kan sifirin, daidaita tsayi kawai take yi. Kuma akwai abin lura, sifirin a wuri biyu yake kama shasi, gaba da baya, ita kuma jaka wuri ɗaya take tokarewa a saman aksul, in aka cika mata iska ga nauyi na rataye can baya a ƙugiya aka faɗa rami, shasin yakan lanƙwashe tsakanin kan mota da bodi. A Ostareliya abin sananne ne a motoci masu ƙofa huɗu. Ni a hanya mai ramuka bazan sa ba.

Birki anan na lantarki aka fi sawa, da 'yar na'ura kusa da sitiyari wacce zaka iya matsa birkin tirela shi kaɗai da hannu, in ta fara kaɗawa ka matsa sai ta ja baya ta miƙe nan take. Jihohi da yawa doka ce in tirela ta kai fam 3,000, wajen kilo 1,360 kenan, sai da birki. Sababbin Hilux kuma suna da kwamfutar da in taji tirela na kaɗawa take taɓa birkin taya ɗai-ɗai da kanta, amma ba da ita ake dogara ba.

Abu ɗaya da ake rainawa, girman ƙwallon ƙugiya. Na Turai milimita 50 ne, na nan inci 2 wato milimita 50.8, akwai kuma inci 1 da 7/8 da inci 2 da 5/16. Kayan tokumbo daga ko'ina suke zuwa, in kan tirela na wata ƙasa ne ƙwallo na wata, zai shiga kamar ya zauna amma rami ɗaya zai iya fitar da shi. A jikinsu ake buga lambar, ka karanta duka biyun. Sarƙa biyu kuma ka gicciya su ƙarƙashin wuyan, in ya fita su tallafe shi kar ya caki kwalta.

dan_kwanar_dawaki:

Alhaji kawai ka saida tirelar ka hada kudi ka sayi Canter ko Dyna ka huta, wannan kayan ba na hilux bane wlh, masu kaji ai akwai kudi 😂

Oga_Sifirin:

Ɗan kwana ka faɗi gaskiya cikin wasa, tan biyu da rabi kullum aikin Dyna ne. Amma tunda tirelar ce a hannu bari in ƙara.

Yallaɓai na Amurka, wannan ƙugiya mai sanduna a titinku mai santsi ne take da daɗi. Hanyar gona akwai kwari akwai tudu, in gaban mota ya hau tirela na gangare sandunan nan murɗa shasi suke da ƙarfi, ko su ana cewa a kwance su kafin a shiga irin wannan hanya, kuma ba kowane ƙarfen ja bane aka yarda a ɗaura masa ita, sannan wuyan da mai walda ya haɗa da ƙaramin ƙarfe ba lallai ya jure ba. In an gyara lodin kamar yadda Injiniya yace nauyin wuya ya dawo kilo 250 ba sai an nemo ta ba.

Alhaji ka duba min ƙugiyar taka a ina take kame. Da yawa abinda nake gani a gareji a bamba ake manna ta da walda, ko a ɗana ƙarfe a ƙona shi a jikin shasi. Bamba ba wajen ja bane, walda a shasi kuma tana raunana wajen, daga gefen ɗinkin yake fara tsagewa. Ƙarfen ja na gaskiya shasi biyun yake kamawa da kusoshi a ramukan da kamfani ya bari, kusoshin masu lamba 8.8 ko 10.9 a kansu, kuma akwai faranti a jikinsa da ya faɗi nauyin da zai ja da wanda zai ɗauka a ƙwallo. Tsayinsa ma a duba, tirela in an ɗaura ta kwanta daidai ko hancinta ya ɗan sunkuya kaɗan, kar ya kalli sama.

Ga wani abu da bakanikai da yawa basa tunawa in sun ƙara sifirin. Hilux da yawa suna da wani bawul na birki a jikin shasi ta baya, da siririn ƙarfe da ya sauko ya kama aksul. In baya ya zauna sai ya gane an yi lodi ya ƙara wa tayoyin baya ƙarfin birki, in baya ya tashi ya rage. To ka ƙara falle baya ya daina zama, bawul ɗin zai ɗauka motar ba kaya alhali tan ɗaya na kanta, birkin baya ya ragu, kaga anyi gyaran gangar auzinawa. In taka na da shi dole a sake saita shi bayan aikin sifirin. A canza man birki ma in ya daɗe, yana shan ruwa, in yayi zafi tafasa yake feda ta tafi ƙasa.

Injiniyan_Gona:

Maganar bawul ɗin nan ta Oga a riƙe ta da kyau. Malam in nine kai kuɗin sifirin ɗin a tirela zan fara zuba shi, don aksul ɗin ƙaramar mota da taya mai lamba 91 ba abinda za'a yi wa Hilux da zai gyara su. Ka mayar da ita aksul biyu taya huɗu, kowace taya ta ɗauki wajen kilo 600, tayar bas mai C ta wadatar har da rara, kuma mai aksul biyu ta fi nutsuwa a titi, in ɗaya ta fashe ma da sauran uku. Sai dai ita tafi son tsayin ƙugiya ya zama daidai, in ba haka ba aksul ɗaya ne zai riƙa shan wahalar.

Birki kuma ba sai na lantarki ba, wayoyi da ƙura da ruwan gona basa jituwa. Akwai irin na Turai wanda kan tirelar ne yake zamewa, mota na rage gudu tirela ta turo, turowar ce take jan waya ta kama birkin tayoyinta, ba lantarki ba komai, AL-KO da Knott ne suka fi yin su kuma ana amfani da su har tan 3.5. Yana da 'yar wayar da ake maƙalawa a mota, in tirela ta tsinke ta ja birkin da kanta. Irin wannan kan bai cika jituwa da ƙugiya mai sanduna ba don sandunan na iya hana shi zamewa, to ɗaya zaka zaɓa, ni birkin zan zaɓa.

In an gama wannan, ka loda ka auna daga tsakiyar taya zuwa bakin madigadi gaba da baya, da tirela da kuma ba tirela. In har yanzu bayan na sauka ya kusa taɓa robar nan, lokacin ne falle ɗayan Oga da shoka zasu yi amfani.

Manomin_Wudil:

Nagode ƙwarai jama'a Allah ya bar zumunci. Na leƙa, ƙugiyar a bamba take da walda kamar yadda Oga yace, bawul ɗin ma akwai shi. Tankin na roba ne don haka biyu zan nema. Shi wannan aksul mai birki irin na Turai a ina ake samu, ko sai an yi oda?

Oga_Sifirin:

Ba lallai sai oda ba. Ka zaga kasuwar Kofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ka tambayi shasin tsohon kwamfuresa ko janareta na ja, irin wanda masu haƙar burtsatse da 'yan kwangilar titi suke ja, waɗanda suka zo daga Turai da yawansu da aksul mai birki da kan nan mai zamewa suke zuwa, injin ya mutu ƙasan na nan lafiya. Ka karanta farantin dake jikin aksul da na kan, su zasu gaya maka kilo nawa aka yi su dominsa, in na kilo 1,300 ne guda biyu zaka haɗa kuma kan ya zama wanda ya kai 2,700 ko sama. Ka tura kan da hannu, in ya shige fuu ba turjiya to 'yar shokar cikinsa ta mutu sai an canza, in ba haka ba duk taka birki sai tirelar ta dake ka ta baya. Wasu zobe ne a bakinsu ba mazaunin ƙwallo ba, in irin wannan ka samu sai ka sa wa motar ƙugiya mai baki da take rufewa. Ka tafi da mai waldarka da tef ya auna faɗin kafin ka biya.